Kwana Taran da Na Yi Shiru

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda Ya halicci abin da ido ke gani da abin da ido ba ya gani, Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da sanin yadda ake guje mata. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Shugaban wannan taro, Sarkin Fawan jama'armu na Omdurman, Alhaji Haliru, wanda a wajenku shugaba ne, a wajena kuma Baba ne. Limaminmu, Malam Muhammad Sani. Dattawan Ƙungiyar Mahauta da Masu Zariba. Iyayena mata da yayyena da ke bayan labule. 'Yan kasuwarmu na Kasuwar Libiya da suka rufe shaguna suka zo. Masu madara da suka ƙetaro gada tun daga Alhilla Kuku. 'Yan'uwanmu ɗalibai na Najeriya da Nijar da karatu ya kawo ƙasar nan. Da baƙinmu biyu da ke zaune kusa da ƙofa da littafi da alƙalami, waɗanda ba su faɗi sunansu ba amma kowa ya san aikinsu: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Amatullahi Haliru. Waɗanda suka san ni tun ina ɗaukar tasar kayan ciki daga mayanka zuwa gida suna ce mini Amatu, waɗanda suka san ni daga baya suna ce mini Daktora. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a wani ɗakin bincike a Khartum, wanda a nan muke kira ma'amal, inda sana'ata ita ce neman ƙwayoyin cuta a cikin jini. Ina gode wa ƙungiya da ta ba mace wannan kujera, abin da ba ta saba ba. Ina gode wa duk wanda ya tako gidanmu ta'aziyyar yayana Muhajir, wanda gobe yake cika kwana arba'in a kabari. Kun yi mana zumunci, kun zauna a rana, kun kawo abinci, Allah Ya saka muku da alheri.

An gayyace ni in yi magana a kan tsabtar nama, saboda Babbar Salla ta rage kwana tara. Ga takardar jawabin a hannuna, shafi biyu, an duba ta an buga mata hatimi kafin a ba taron nan izini. A cikinta an ce ku wanke wuƙa, ku rufe nama daga ƙuda, ku share wurin yanka. Duk gaskiya ne, kuma duk kun san shi tun ba a haife ni ba. Ina neman afuwar shugaba, zan ajiye ta a kan tebur, domin abin da ya kawo ni ba ya cikinta. Abin da ya kawo ni shi ne tumakin da ke zaribar mahaifina, wato shingen da yake tsare dabbobi, a yanzu, waɗanda aka shirya yanka wasu daga ciki gobe da hantsi a raba ɗanyen namansu gidaje sittin sadaka ga Muhajir, aka kuma sayar da sauran ga mutanen da ke zaune a wannan zaure don layya. Na zo in roƙe ku kada wuƙa ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Zan kawo dalilina daki-daki, ku yi haƙuri da ni har in kai ƙarshe.

Magana ta farko, me muke yi a ma'amal, tun da na san da yawanku kuna ɗauka zama kawai muke yi cikin sanyi da farar riga.

Akwai cutar da a nan ake kira Hummal Wadi, zazzaɓin da aka raɗa wa sunan wani kwari na ƙasar Kenya inda aka fara gane shi. Ƙwayar da ke kawo shi fairus ce, wato irin ƙwayar da ta yi ƙanƙantar da ko madubin asibiti ba ya nuna ta. Ba ta da hannu ba ta da ƙafa, ba ta ci ba ta sha. Abin da ta mallaka duka shi ne ɗan rubutun yadda za a sake yin irinta, a kan wasu zarurruka uku da masana ke kira RNA, a naɗe cikin 'yar riga. In ta shiga jikin tunkiya ko mutum, sai ta nufi hanta, ta miƙa wa hantar wannan rubutu, hanta ta bar aikinta ta koma buga mata 'ya'ya har ta lalace. Sauro ne ke yawo da ita tsakanin dabbobi, musamman shekarar da damina ta yi yawa ruwa ya kwanta, kamar bana. Daga dabba zuwa mutum kuwa, babbar hanyarta jini ce, da ruwan haihuwa, da ɗanyen nama, da madarar da ba a tafasa ba.

Tun da ba ma iya ganinta, rubutunta muke nema. Wannan zare na RNA abu ne mai saurin lalacewa, zafi kaɗan yake so ya narke, ga shi kuwa muna zaune a garin da ko ƙarfe ya san zafi. Shi ya sa rabin aikinmu faɗa ne da wutar lantarki. In an ɗauke wuta injin janareto ya ƙi tashi, da kanmu muke tarar raksha, wato babur mai ƙafa uku, mu je masana'antar ƙanƙara a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, mu ɗauko sanduna mu jera wa jinin mutane. Injinmu na juya jini wani makaniki ne na can ya ɗaure shi da bel ɗin mota, yau shekara uku yana aiki. Sinadaran gwaji sai sun yi watanni a hanya saboda takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasa, muna ɗigarsu kamar turare. Da haka muke ciro zaren daga jini, mu sa shi a na'urar da ke kwafe shi sau miliyoyi, sannan mu zuba a wani abu mai kama da romon ƙafar sa in ya kwana ya daskare, mu kunna masa wata fitila. In cutar na cikin jinin, wani siririn layi zai haska a wani tsayi da muka sani, in ba ta ciki wurin zai zauna baƙi. Ba tsafi ba ne, ba kuma duba ba ne. A kowane gwaji muna sa jinin da muka tabbata yana da cutar da wanda muka tabbata ba shi da ita, don na'urar ta yi wa kanta shaida.

Magana ta biyu, abin da na gani, da ranar da na gan shi.

Wata biyu da suka wuce, ran wata Talata, aka kawo mana jinin tumaki da na makiyaya daga ƙauyukan kudu da mu, bakin kogin Farin Nilu, inda aka ce tumaki na ɓari garke-garke, 'yan raguna na mutuwa, mutane na zazzaɓi suna haɓo. Na auna, layi ya haska. Na ce ko kuskurena ne, na sake da sabon sinadari, ya haska. Na ba abokiyar aikina ta auna ba tare da na gaya mata abin da na samu ba, ya haska a hannunta. Na rubuta rahoto na miƙa sama kafin la'asar, ina cewa a tsayar da lorin tumaki daga wannan yanki, a gaya wa mahauta.

Washegari wani mutum ya zo ma'amal. Ba likita ba ne, bai kuma zo da farar riga ba. Ya zauna a kujerata, ya sha shayina, ya yi mini magana da ladabi ƙwarai. Ya ce: “Ya Daktora, aikinki ya yi kyau, an gode. Amma jiragen ruwa na jiran raguna, aikin hajji ya gabato, in kalmar nan ta fita za a rufe wa ƙasa ƙofar sayar da dabbobi waje. Wanda ya fitar da ita kafin a ba da izini ya yi wa ƙasa zagon ƙasa, kin kuwa san gidajen da ake kai irinsu, waɗanda ba su da lamba a ƙofa.” Ya zaro takardar alkawarin yin shiru, ya ce kwana biyu ne kawai, manya na nazari. Ya miƙo mini alƙalami.

Ya ku jama'a, ba a mare ni ba, ba a nuna mini bindiga ba, ba a ko ɗaga mini murya ba. Tun shekarar da sojoji suka karɓi mulki mun ga waɗanda aka kora daga aiki da layi ɗaya a takarda, mun ga waɗanda aka ɗauka da safe suka dawo bayan wata shida ba sa iya riƙe kofin shayi. Na tuna su duka a lokaci ɗaya, na sa hannu. Na gaya wa kaina ai na yi nawa, na rubuta rahoto, sauran na manya ne. Ni 'yar Sarkin Fawa, ƙanwar mahauci, wadda ta san lorin kudu a ƙofar zaribarmu suke sauke kaya, na sa hannu.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, Baba, kuma ban taɓa gaya maka ita ba.

Kwana ɗaya bayan sa hannun nan na kira Yaya Muhajir a waya. Kun san shi, kun san dariyarsa, da ana jinta tun daga bakin titi. Wuƙarsa ce ta kai ni jami'a, domin shi ya bar makaranta ya tsaya a mayanka don ni in tafi. Tun da na fara karatu yake tsokanata da Hajiya Sabulu, saboda kullum na zo gida sai na ce a wanke hannu. Na ji tsoron akwai kunne na uku a wayar, sai na ce bari in yi masa hannunka-mai-sanda. Na ce: “Yaya, don Allah kwana biyun nan ka bar cin marara, ka riƙa sa safar hannu in za ka yi fiɗa.” Ga ɗalibanmu baƙi da ba su san marara ba, ɗanyar hanta ce da huhu da tumbi, da ake yankawa tun da ɗuminsu a zuba barkono da albasa da lemun tsami a ci a wurin yanka. Yaya ya fashe da dariya ya ce: “Hajiya Sabulu an motsa! Amatu, tun kina rarrafe nake cin marara, barkonon matata Awadiyya ya fi duk sinadaranku ƙarfi.” Sai muryarsa ta sauya, ya ce: “Tsaya, ko akwai wani abu ne?”

Ya tambaye ni, jama'a. Da bakinsa ya tambaye ni. Na ce masa: “Babu komai, Yaya, tsabta ce kawai.”

Gada ɗaya ce tsakanin ma'amal da gidansa. Da na hau mota na je na ja shi gefe na gaya masa a kunne, babu wanda zai ji. Na ce sai Juma'a in na je gida, Juma'a ta zo aiki ya riƙe ni, na ce ai gobe ko jibi za a yi sanarwa a rediyo. Kwana tara ina ɗauke da wannan magana a cikina, ina cin abinci, ina salla, ina jiran manya su gama nazari.

A rana ta tara wata tunkiya mai ciki daga lorin kudu ta yi ɓari a zariba, ta kwanta tana shure-shure. Duk mahaucin da ke zauren nan ya san abin da ake yi. An koya mana tun muna yara cewa asara ce da abin kunya dabba ta mutu mushe a gaban mai wuƙa, cewa a gaggauta a yanka ta da sunan Allah tun tana motsi, a raba wa maƙwabta su ci halal. Al'ada ce ta mutanen da suka san yunwa, suka san darajar abin da Allah Ya ba su, ban kuma zo in zage ta ba. Yaya ya yi abin da ka koya masa, Baba, abin da kai ma mahaifinka ya koya maka. Ya ruga ya ɗauko wuƙa ya yanka, ya zaro matacciyar 'yar da hannunsa, ya feɗe, kuma kamar kowane mahauci yana da yanka a ɗan yatsa. Matarsa Awadiyya ta wanke kayan ciki. Ya ci mararsa. Maƙwabtan da aka kai wa nama sun dafa shi ya dahu, babu abin da ya same su, domin wuta na kashe wannan ƙwaya. Wanda ya sa hannu a jini shi ya ɗauka.

Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya kama shi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Aka ce maleriya ce, aka yi allura, ya ɗan ji sauƙi har ya koma mayanka wuni ɗaya. Sai idanunsa suka yi rawaya, sai jini ta hanci, sai jini ta dasashi, sai fitsari ya tsaya. Na tsaya a kansa a asibiti da rana tsaka, ya kama gefen mayafina ya ce: “Amatu, ke da kika san komai, mene ne wannan?” Na ce: “Za ka warke, Yaya.” Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ita ce maganar ƙarshe da ya ji daga bakina.

Na ɗebi jininsa kafin ya cika. Abokiyar aikina ta ce in bar mata, na ƙi. Na sa jinin yayana kusa da jinin tumakin nan na ran Talata, na kunna fitila, layukan biyu suka haska a tsayi ɗaya kamar an ja su da ma'auni. A takardar asibiti an rubuta maleriya mai tsanani, na gani, na bar ta haka. Awadiyya ita ma ta yi zazzaɓin ta tashi, amma ya bar mata baƙin tabo a tsakiyar idon hagu, mace mai ɗinki yanzu ba ta iya zura zare a allura. Tana gida cikin takaba, ba ta san dalili ba. Iyayena mata, ku kai mata abin da kuka ji yau yadda kuka ji shi, kada ku rage don ku rufa mini asiri.

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni na haɗa biyun. Kwana taran farko tsoro ne ya rufe mini baki, kwana arba'in ɗin nan kuwa kunya ce, domin ban san da wace fuska zan ce wa mahaifina na sani tun farko ba. Na zauna a zaman makoki kuna ce mini sannu, kuna cewa Daktora ta yi iya ƙoƙarinta, ina amsawa.

Magana ta huɗu, abin da ya sa yau na buɗe baki.

Makon jiya wani lori ya sauke raguna da tumaki a zaribar Baba daga wancan yanki. Ran Litinin uku suka yi ɓari, 'yan ragunan da aka haifa a hanya suka mutu. Na shiga zaribar na ɗebi jinin guda bakwai, kuma baƙinmu na bakin ƙofa su rubuta da kyau: ni kaɗai na ɗiba, ni kaɗai na auna, babu wanda ya sani a wurin aikina. Jiya da safe layi ya haska a guda biyar.

Bayan la'asar na je na durƙusa gaban Baba na gaya masa abin da gwajin ya nuna. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: “Amatu, shekara hamsin ina duba idon tunkiya ina gane mai ciwo. Ragunan nan suna cin abinci, suna karo da juna. Rediyo ta ce ciwon yana can nesa, dabbobinmu lafiya suke. Na riga na aika wa gidaje sittin, in ce musu me? In hana ɗana sadakarsa saboda wani layi da ke kaɗai kika gani?” Sai ya ƙara da maganar da ta kawo ni nan. Ya ce: “In da akwai wannan cuta a tumakin kudu, ai da ke kin riga kowa sani, da kuma ba ki bar yayanki ya taɓa su ba.”

Ka yi gaskiya, Baba. Hujjarka mai ƙarfi ce, domin ka gina ta a kan yardar da ka yi da 'yarka. Babu yadda zan rushe hujjar nan sai na rushe yardar, shi ya sa na tsaya a gaban abokan sana'arka na faɗi abin da na faɗa. Na riga kowa sani, kuma na bar yayana ya taɓa su. Idonka bai yi kuskure ba, babban rago kan ɗauki wannan ƙwaya a jininsa yana tsaye da ƙafarsa yana cin harawa, babu abin da ido zai gani. Rediyo kuwa abin da aka miƙa mata take karantawa, kamar yadda aka so in karanta muku wannan shafi biyu.

Yanzu ga roƙona, kuma ba ni da iko a kan kowa, roƙo ne.

A kulle zaribar nan yau, kada a yanka, kada a fitar, kada a shigar, har sai cutar ta gama zagayenta an sake aunawa. Wanda ya riga ya kai ragonsa gida daga wannan lori ya ɗaure shi nesa da yara, kada ya yanka shi ran Salla. Na san abin da nake nema. Na san akwai mutumin da ya shekara yana tattali don ragon nan, na san a unguwarmu gidan da hayaƙin suya bai tashi ba ran Salla yara ne ke fara gane shi. Amma na ga gidan da aka yi suya sannan aka kafa rumfar makoki, gidanmu ne, kun zauna a ciki.

Dabbar da ta yi ɓari, kada kowa ya taɓa ɗan ko mahaifar da hannu, a sa shebur a haƙa rami mai zurfi a binne. Dabbar da ta kwanta tana shure-shure a wannan lokaci, ku bar ta ta mutu mushe. Na san kalmar nan ta yi wa kunnen mahauci ɗaci, na ga yadda wasu suka motsa a kujera. Malam Muhammad Sani, kai ne malaminmu, ni ba ni da fatawa. Ina roƙonka in na zauna ka tashi ka gaya musu ko Allah zai kama bawa da laifi don ya bar tunkiya ta mutu ya tsira da ransa, ka kuma gaya musu hukuncin layya a kan wanda yankan zai cutar da shi da iyalinsa. Daga bakinka za su karɓa.

A bar marara bana, duk daɗinta. Barkono ba ya kashe wannan ƙwaya, lemun tsami ba ya kashe ta, wanda ya fi kowa yarda da barkono yana maƙabarta. Mutanen Alhilla Kuku, ku gaya wa masu sayen madararku su tafasa ta, ku ma ku tafasa kafin ku ba 'ya'yanku. A kwana cikin gidan sauro. Duk mahauci ko mai wanke kayan ciki da ya ji zazzaɓi, kada ya tsaya allurar maleriya a gida, ya je asibiti ya faɗi sana'arsa tun a bakin ƙofa, ya ce na taɓa jinin dabba. Yawancin waɗanda suka kamu suna warkewa, wannan ma gaskiya ce, ba na son in tsorata ku fiye da kima. Sai dai babu wanda ya san a wane rukuni sunansa yake, Muhajir ya fi duk wanda ke zauren nan ƙarfi.

Ku ɗalibai, kuna da ƙafa kuna da harsuna biyu. Ku bi masallatai da rumfunan Kasuwar Libiya, ku faɗa da Hausa ku faɗa da Larabci, domin cutar nan ba ta tambayar asalin mutum, kuma maƙwabtanmu ma suna da wuƙaƙe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, in kuma naka ne ya ƙone, ka ɗaga murya don na kusa da kai ya ji.

Sadakar Muhajir kuwa ba za ta faɗi ba. A raba dawa, a raba dabino, a sauke masa Alƙur'ani. Gobe mutum goma sha biyu ne aka tsara za su riƙe wuƙa, mata sun fi ashirin za su wanke kayan ciki, gidaje sittin za su karɓi ɗanyen nama. Yayana ya bar makaranta don wani ya ci gaba, mutumin da ya yi haka ba zai so a haƙa wa kowa kabari da sunan sadakarsa ba.

Baba, saura kai. Ranar da aka dawo daga jana'iza na durƙusa na ce ka yafe mini, ka dafa kaina ka ce ka yafe duniya da lahira, kana zaton irin neman gafarar da kowa ke yi ranar mutuwa ne. Ka yafe abin da ba ka sani ba, don haka ban riƙe waccan yafiyar ba, na mayar maka da ita. Yanzu ka sani. In za ka yi fushi da ni ka yi, hakkinka ne, in ka ce kada in sake taka zaurenka ba zan taka ba. Abu ɗaya nake nema kafin fushin: makullin zariba yana aljihun rigarka na dama, inda yake zama tun ina yarinya. Zan tsaya a nan, ba zan ci gaba ba sai na ga abin da ka yanke.

To, ga makullin ka ajiye a kan tebur, na gan shi. Ka juyar da fuskarka, ban ga idonka ba, ban kuma cancanci gani ba. Wannan ya ishe ni.

Malam, don Allah ka ɗauki makullin ka riƙe a wajenka. Da ni zan riƙe, amma na ga baƙinmu sun rufe littafinsu sun miƙe sun tsaya a bakin ƙofa, ban san inda zan yi sallar magariba ba. Kada kowa ya tashi domina, kada a yi hayaniya, ku zauna ku saurari Malam, abin da zai faɗa ya fi muku amfani. Abin da suka zo tsarewa ya riga ya shiga kunnuwa ɗari uku.

Ya Allah Ka jiƙan Muhajir ɗan Haliru, Ka yalwata kabarinsa, Ka karɓi wahalarsa a matsayin kaffara. Ya Allah Ka mayar wa Awadiyya da ganinta, Ka raya mata marayunta. Ka ba mahaifina haƙurin rashin ɗa da haƙurin abin da ya ji yau daga bakin 'ya. Ka tsare hannun mahauta, Ka tsare hannun mata masu wanke nama, Ka tsare makiyayan da ke can bakin kogi waɗanda babu wanda ya tara su a zaure ya gaya musu komai. Ka yaye wannan cuta daga dabbobinmu da mutanenmu, Ka sa tausayin talaka a zukatan masu riƙe da ƙasa, Ka mayar da kowa gidansa lafiya. Ya Allah, duk wanda ɗan'uwansa ya tambaye shi ko akwai wani abu, Ka ba shi ƙarfin da Ka ga ni ban samu ba.

Yaya, ka tambaye ni, ga amsarka a makare: akwai.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.